Yadda muka zaga wuraren shaƙatawa na Abuja da Hajiya da yara, da ɓatan kan ranar farko

Assalamu alaikum. Tun da muka dawo daga Abuja mutane ke ta tambayata ya muka yi, ina da ina muka je, nawa muka kashe, har wani abokin aikina a makarantar da nake koyarwa yace shima yana so ya kai iyalinsa hutu mai zuwa amma baisan ta inda zai fara ba. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta komai tiryan-tiryan, musamman wahalar da muka sha ranar farko wadda da ace wani ya faɗa min magana biyu kacal da bamu sha ta ba.

Mu shida ne, ni da maman yara da yara uku sai Hajiya mahaifiyata. Asalin tafiyar ma saboda Hajiya aka yi ta, ta daɗe tana fama da ciwon ƙafa da hawan jini, likita yace ta dinga ɗan takawa tana shan iska, toh a layinmu a Kaduna ina zata taka, kwata ce gefe da gefe ga masu napep kamar zasu bi ta kan mutum. Ƙanena yana aiki a Abuja, a Kubwa yake zaune, ya daɗe yana cewa Yaya dan Allah ka kawo min Hajiya ko kwana uku ne ta huta. Sai ƙarshen watan Agusta na 2024 kafin a koma makaranta Allah ya nufa.

Jirgin ƙasa muka bi. Da farko Hajiya ƙi tayi, tun harin da aka kai wa jirgin a watan Maris na 2022 take tsoronsa, sai da ƙanena ya lallashe ta a waya kusan rabin awa. Tikiti ta waya ake saye kuma sai da lambar NIN, anan muka fara tsayawa don takardar NIN ɗin Hajiya sai da muka birkice ɗakinta kaf, daga ƙarshe cikin wata tsohuwar jakar Makka aka same ta a naɗe tare da katin asibiti. Naira 3,600 na biya kowace kujera a ikonomi. Kar mutum ya bari sai ranar tafiya zai saya, kujeru na ƙarewa da wuri, kuma sunan da ke kan tikiti ya zama shi ne a kan katin shaida don ana dubawa. Mun isa tashar Rigasa awa ɗaya kafin lokaci, aka duba kaya, muka zauna jira, jirgi ya tashi, awa biyu da wani abu muka iso. Idan masaukinka Kubwa ne ko Dutse ko Gwarinpa toh a tashar Kubwa zaka sauka kar ka jira sai Idu, zaka ƙara wa kanka kuɗin mota ne kawai.

Ranar Alhamis ce. Ƙanena ya ɗauke mu ya aje mu a gida ya koma ofis, yace mu huta gobe a fara yawo. Amma bayan azahar yara suka ishe ni, Abba yaushe zamu fita, Abba ai kace akwai lambu, nima kuma naga kwana uku ne damu asarar yini ɗaya ba ƙaramin abu bane. Matar ƙanena jego take kuma ba ta daɗe da zuwa garin ba, ta ce ita dai ba ta san ko'ina ba sai kasuwa da asibiti. Sai na fita bakin titi na tsayar da tasi zan ɗauki shata, direban baya jin Hausa, da ɗan turancin da ya samu nace masa wani gaden mai kyau zaka kaimu cikin gari inda mutum zai zauna ya huta. Yace ya sani sosai, ya nemi 8,000 muka daidaita a 6,500. A raina ina ganin ai gaden lambu ne, bishiyoyi, furanni, ciyawa.

Ya kaimu wani wuri ta wajen Wuse ya sauke mu ya karɓi kuɗinsa ya wuce. Muna shiga naga rumfuna na ciyawa da fararen kujerun roba, gefe guda wata mata tana fito da tarwaɗa mai rai daga cikin baho, can kuma ga kiret-kiret na giya an jera ana zuba su a firij, wani yaro yana gwada sifika da ƙarfi kamar zata fasa kunne. Bishiyoyi akwai su kam, amma ba wajen da mutum zai kai uwarsa bane. Hajiya na tsaye da hijabinta da carbi a hannu, ba ta ce min komai ba, innalillahi kawai naji ta faɗa a hankali ta juya ta kama hannun auta. Wallahi har yau in na tuna tsayuwar nan sai naji wani abu ya tokare min ƙirji.

Daga baya na fahimci direban bai cuce ni ba, abin da na tambaya shi ya bani. A bakin mutanen Abuja in kace gaden toh yawanci wurin cin gasasshen kifi da shaye-shaye da kallon ƙwallo da daddare ake nufi. Filaye ne da aka ware tun a tsarin garin don a bar su kore, sai hukumar birnin ta ba 'yan kasuwa suna kula dasu suna sana'a a ciki. Ba duka ne ake saida giya ba, akwai masu tsabta da iyali ke zuwa, amma daga suna kaɗai ba zaka gane ba sai wanda ya san wajen ya faɗa maka.

Na kira ƙanena yana cikin mitin bai ɗauka ba, sai ya turo saƙo a gurguje cewa ku je Jabi akwai ruwa yara zasu ji daɗi. Na sake tsayar da wata motar, tunda naga kalmar gaden ta jawo min matsala sai nace bari in ce fak, nace masa Jabi Park. Naira 3,000. Bayin Allah ashe Jabi Park tashar mota ce. Muna sauka 'yan kamasho suka yo kanmu, Kaduna Kaduna, Zariya Kano, wani har ya kama jakar da maman yara ta zuba ruwa da biskit yana cewa Alhaji Kaduna ne, saura mutum biyu mota ta tashi. Tafkin da muke nema sunansa Jabi Lake, ba nisa sosai tsakaninsu, amma kafin in gama tambaya hadarin da ya haɗo tun la'asar ya sauko. Ruwan Abuja na watan Agusta ba ya sallama. Muka fake a rumfar wani mai shayi, Allah ya saka masa da alheri bawan Allah, yana ganin Hajiya ya share benci da tsummansa yace Mama zauna nan, ya haɗa mata shayi ya ƙi karɓar kuɗi. Na duba ƙafarta naga ta kumbura har takalmin ya shata mata layi. Kusan awa ɗaya da rabi muna wajen, da ruwa ya tsagaita kuma lokacin tashi daga aiki yayi, kowa Kubwa ya nufa, motar da ta yarda ta kaimu sai da na bata 9,000. Lissafa ka gani, 18,500 a yini ɗaya bamu zauna ƙarƙashin bishiya ko ɗaya ba.

Da daddare naje ba Hajiya haƙuri. Da yake ni ne ɗan fari ba ta faɗin sunana, Malam take ce min. Tace Malam ba komai, Allah yasa hakan shi ne mafi alheri, je ka kwanta. Da faɗa tayi min da ya fi min sauƙi.

Ƙanena ya zaunar dani a falo ya ɗauko biro da takarda ya rubuta min sunayen wurare da unguwar da kowanne yake, yace Yaya a garin nan suna ake faɗa cikakke, ba a cewa kaini wuri mai kyau. Ya saka min Bolt, manhajar kiran mota, a waya ya nuna min yadda zan rubuta inda zani in ga kuɗin tun kafin mota tazo, in kuma duba lambar motar da fuskar direba kafin mu shiga. Ya ja min kunne sosai kan 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja a mota kamar tasi su yi masa fashi a hanya, yace abin da nayi yau na tsayar da kowace mota a titi da iyali a bayana Allah ne kawai ya tsare. Kuma a cikin gari babu acaɓa, napep ma iyakarta unguwannin gefe, ga wuraren da nisa tsakaninsu, ba irin garin da zaka ce bari mu taka bane. Yace da safe kar mu fita sai bayan ƙarfe tara saboda gosulon masu shiga gari a titin Kubwa.

Juma'a da asuba maman yara da matar ƙanena suka yi dafa-duka da soyayyen dankali, aka haɗa zoɓo, muka ɗauki ruwa da buta da darduma biyu da maganin Hajiya. Na rubuta Millennium Park a waya, ya nuna 7,200, tafiyar kusan rabin awa zuwa Maitama. Dab da isa direban ya rage gudu ya nuna wa yara Unity Fountain dake kusa da otal ɗin Transcorp Hilton, wadda aka rubuta sunayen jihohin ƙasar nan a jikinta, suka dinga leƙe ta taga suna neman Kaduna. Anan ne masu fafutukar a ceto 'yan matan Chibok suka dinga zama tun 2014, na faɗa wa babban ɗana don ya sani.

A bakin ƙofa masu tsaro suka buɗe jakunkunanmu suka duba kular abinci suka ce mu wuce. Na tsaya ina laluben aljihu ina tambayar ina ake yankar tikiti, sai ɗayansu yace babu, shiga kyauta ne. Sai da na sake tambaya don bayan abin da ya faru jiya na daina yarda da kunnena. Kyauta ne da gaske. Abin da na kashe a wajen shi ne hayar tabarma biyu a hannun masu bayarwa a bakin ƙofa, 1,000, sai mai hoto da ya bi mu yana nuna mana samfur har na yarda ya ɗauke mu guda biyu ya wanko nan take. In kana da tabarmarka ka taho da ita, hoton ma wayarka ta isa, amma kuyi ciniki ku gama kafin ya danna, kar sai ya miƙo maka hoto.

Wajen nan ya wuce yadda nake zato. Kana shiga wata doguwar hanya ce miƙaƙƙiya da aka shimfiɗe da farin dutse, ruwa na tsartuwa a gefenta, dama da hagu ciyawa kore shar an aske ta kamar kafet, ga iska mai sanyi saboda ruwan jiya. Girmansa ya kai hekta 32, shi ne mafi girma a wuraren shaƙatawa na garin. Wani ɗan Italiya mai suna Manfredi Nicoletti ne ya zana shi, kamfanin Salini ya gina, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba 2003 lokacin da tazo taron ƙasashe rainon Ingila zamanin Obasanjo. An rufe shi lokacin korona a 2020 sai watan Agusta na 2022 aka sake buɗewa, shi yasa har yanzu wasu in ka tambaye su zasu ce maka ai a rufe yake, kar ka biye musu. Akwai rafi da ya ratsa ta tsakiya ya raba shi biyu, ɓangare ɗaya shi ne wannan da aka tsara da layi-layi, in ka haye gada kuma ɗaya ɓangaren an bar shi kamar daji, bishiyoyi da duhuwa da kukan tsuntsaye. Da yake safiyar ranar aiki ce mutane kaɗan ne, wasu ɗalibai da littattafansu, wasu amarya da ango ana musu hoto, sai mu.

Yara suka ruga da gudu, maman yara ta bi bayansu, ni kuma na tsaya da Hajiya muna takawa a hankali. Sau uku muka tsaya ta huta. A tsayuwa ta uku ne ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon wani waje sannan tace Malam wancan ba rimi bane? Nace shi ne Hajiya. Wani ƙaton rimi ne a gefen filin, an daidaita farar hanyar nan ne ma yadda zata haɗa shi da dutsen Aso a ido. Tace ikon Allah, irin na ƙofar gidanmu ne sak kafin a sare shi. Hajiya Bazazzagiya ce, a cikin birnin Zariya aka haife ta, kuma wanda ya san Zariya ya san matsayin rimi a wajensu, unguwanni nawa ne ma ake kira da sunansa, Rimin Tsiwa, Rimin Doko. Tace a shimfiɗa mata tabarma inda zata dinga ganinsa. Ta zauna ta cire takalmi ta ɗora tafin ƙafarta kan ciyawa mai ɗan laima, ta lumshe ido, na ga kafaɗunta sun sauka. Rabon da in ga fuskar Hajiya haka tun kafin rasuwar mahaifinmu.

Da jikokin suka dawo suna haki ta zaunar dasu tana basu labarin yadda suke tsintar audugar rimi suna yara in ta fashe iska na ɗibanta, a tara a buhu a cire 'ya'yan a cusa a matashi da katifa, tace duk wannan soson da kuke kwana a kai bai kai ta laushi ba. Sai ta ce musu Abuja ma ai 'yar Zazzau ce. Ni da nake koyar da wannan a aji sai na samu kaina ina ƙarasa mata, cewa lokacin jihadi Sarkin Zazzau Makau ya baro Zariya ya yo kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828 aka kira shi Abuja, garin nan shi ne Suleja ta yanzu, da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976 sai aka ɗauki sunan aka sa masa, har gobe sarkin Suleja Sarkin Zazzau ake ce masa. Ƙasar da aka gina birnin a kai kuma yawancinta ta Gbagyi ce, waɗanda muke kira Gwari, gwamnati ta taso daga Legas ta tare ranar 12 ga Disamba 1991. Shekara nawa ina rubuta waɗannan a allo yara na kwafa suna hamma, ranar nan kuwa babban ɗana shi ke ta jefo min tambaya, ga dutsen a gabansa ga rimin ga kakarsa.

Muka ci abinci a wajen, muka tattara ledojinmu da robobi muka kai kwandon shara. Dan Allah wannan a kula, naga inda wasu suka tashi suka bar ƙasusuwan kaza da ledar ruwa a kan ciyawa, abin ya ɓata min rai, wuri ne da ba a karɓi sisinka ba. Sha biyu da kwata muka fito don mu samu Juma'a a Masallacin Ƙasa, babu nisa a mota amma a je da wuri don hanyoyin wajen cika suke. Akwai ɓangaren mata, Hajiya da maman yara suka shiga can. Bayan an idar kasuwa ce guda ke ci a kewayen masallacin, kilishi, turare, huluna, dabino, littattafai, na sai wa Hajiya dabino da kilishi kaɗan na tsaraba. Inda na ƙara koyon darasi shi ne samun mota, kowa ya fito lokaci ɗaya kuɗin Bolt ya haura sama sosai, sai wani dattijo da muka yi sahu ɗaya yace min ɗana kar kayi gaggawa, zauna kayi minti arba'in zai sauko. Haka kuwa akayi. Muna shiga gida hadari na haɗuwa.

Asabar ƙanena ba aiki, da motarsa muka fita, nan naga bambanci don ranar ko naira ban ba direba ba sai mai da na taya shi saye. Muka nufi gidan zoo na yara dake Asokoro, sunansa National Children's Park and Zoo, yana bayan fadar shugaban ƙasa ne a gindin dutsen Aso. Tun a hanya ƙanena yace kowa ya aje waya, yankin akwai jami'an tsaro da shingaye, ba a ɗaukar hoto sai an shiga ciki. Nan ana yankar tikiti a ƙofa, kuɗin manya daban na yara daban, ba wani mai yawa bane, amma ka riƙe tsabar kuɗi da canji don mutumin da ke gabanmu a layi ya tsaya yin tiransifa natwok ya riƙe shi kusan minti goma iyalinsa na tsaye a rana. Mun ga jimina da kada da birai da raƙumi da manyan kunkuru. Wanda ya saba da gidan zoo na Audu Bako a Kano kar ya zo da niyyar ƙirga dabbobi, abin da wajen nan ya fi dashi shi ne fili da wurin wasan yara da kuma dutsen kansa, tsayinsa kusan mita 400, yana tsaye a kanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa, a talabijin ba ka gane girmansa.

Auta shekararta biyar, jimina ce ta tafi da hankalinta. Ta tsaya jikin waya ta ƙi motsi, jiminar ta sauko da dogon wuyan nan har saitin fuskarta ta karkata kai tana kallonta da ido ɗaya, gashin idonta zara-zara, sai yarinyar ta raɗa min cewa Abba ta sa kwalli. Na riƙe hannunta gam don tana son zura yatsa, wannan ma a kula da yara sosai, jimina na sara. Tsakanin keji da keji akwai 'yar tafiya da hawa da gangara, don haka Hajiya a inuwa kusa da lilon yara muka bar ta da matar ƙanena da jaririya. Mai dattijo a tafiyarsa ya san da wannan.

Da la'asar sai ga mu a Jabi Lake na gaskiya, wanda muka sha ruwa muna nema. Tafki ne da aka yi ta hanyar datse ruwa, ta gefe ɗaya akwai katafaren kantin nan na Jabi Lake Mall inda zaka iya zama ka kalli ruwa, ta ɗaya gefen kuma fili ne da bishiyoyi inda masu dawakai da masu kwale-kwale da masu tsire suke, ka faɗa wa direba wanne kake nufi. Ƙanena yace safiyar Asabar cika yake da masu motsa jiki. Yara biyu manya suka hau doki, 1,000 kowanne bayan ciniki, kuma sai da muka yi magana sarai kan daga ina zuwa ina kafin su hau. Kwale-kwale kuwa na hana. Rigar nan mai hana nitsewa da aka kawo wa auta ta yi mata yawa, in ta ɗaga hannu zamewa zata yi, mai jirgin yana cewa ba komai Alhaji kusa ne, nace a'a, ga damina ruwa ya cika. Sun yi fushi dani na ɗan lokaci, tsire ya shirya mu. Ana kiran magariba muka yi sallah muka kama hanya don in dare ya fara jama'ar wajen canzawa take, samari da 'yan mata ne ke yawa.

Magicland bamu shiga ba, wanda da ake kira Wonderland, yana wajen ƙofar shiga gari kusa da babban filin wasa. Can lilo ne da motocin wasa na lantarki, ana biya a ƙofa sannan kowane abin hawa da kuɗinsa, da yara uku kuwa ga abin da na zubar ranar Alhamis aljihuna ba zai ɗauka ba. Na faɗa musu gaskiya ban ɓoye ba, nace sai wani zuwan.

Abin da na faɗa wa abokin aikina da ya tambaye ni shi zan maimaita. Kuɗin mota shi ke cin mutum a Abuja ba kuɗin shiga ba, ni fiye da rabin abin da na kashe a mota ya tafi, don haka in kana da ɗan'uwa mai mota ka daidaita zuwanka da ranar da baya aiki, in babu ka haɗa wuraren da ke kusa da juna a rana ɗaya, Millennium Park da Masallacin Ƙasa da zoo duk ba su da nisa da juna, Jabi kuma hanyar komawa Kubwa ce. Ka rubuta cikakken sunan wuri kafin ka fita, gaden daban, fak na iya zama tasha, in zaka je wani gaden ka tambayi wanda ya san irin tarbiyyar gidanku ko ya dace. Da damina safiya ce taka, daga la'asar ruwa na iya sauka kowane lokaci, kuma ranar aiki ta fi sakewa, yammacin Asabar da Lahadi da ranakun sallah ance ko wajen shimfiɗa tabarma da ƙyar ake samu, kafin duhu kuma ake fara sallamar mutane daga Millennium Park don haka kar ka ce sai bayan la'asar sakaliya zaka je. Abinci daga gida ya fi araha nesa ba kusa ba, buta da darduma da lema kar a manta, katin shaida a aljihu, wayarka da caji don in ta mutu ka rasa mota ka rasa taswira. In da dattijo ko mara lafiya, wuri ɗaya a rana ya isa, ni da na so in haɗa komai a yini ɗaya ƙafar Hajiya ce ta biya.

Lahadi muka biyo jirgin rana muka dawo. Mun wuce wajen Jere Hajiya na jikin taga tana jan carbi, na ɗauka barci take, sai ta ciro hoton da mai hoto ya wanko mana daga cikin jakar Makkan nan ta daɗe tana dubawa, rimin ya ɗan fito ta bayanmu. Tace Malam in Allah ya kaimu ƙarshen rani da rai da lafiya ka sake kawo ni, lokacin ne yake fashewa, ina so yaran nan su ga audugar da idonsu. Nace in sha Allahu Hajiya, na fara tara kuɗin motar tun albashin watan Satumba.